Ko Ni, Ko Mashayar Baba

Kwandon goro ne farkon abin da Zinatu ta ci karo da shi da ta turo ƙofar gidansu na Edgbaston ranar Juma'a da yamma. An ɗora masa katan-katan na alawa da cingam, an ɗaure da igiya tamau.

Ta gane su. Kayan gaisuwar da kawun Taufiq ya kawo daga Manchester ne a farkon wata. Duk 'yar da ta tashi a gidan Hausawa, ko a tsakiyar Birmingham ta girma, ta san abin da ake nufi idan aka fito da kayan gaisuwa bakin ƙofa.

Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta faɗa falo.

Mahaifinta Dokta Ashafa, likitan zuciya, yana zaune da gilashinsa a hannu. Mahaifiyarta Hajiya Zubaida ta yi tagumi, idanunta sun kumbura. A ƙasan kafet kuwa Abdussalam ne, akanta, ɗan aminin Abba, wanda ya yi shekara yana neman Zinatu tana ce masa ya yi haƙuri. Ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai kamar mai jiran a ba shi limanci. Ni dai duk mai ladabin da ya kai haka tsoro yake ba ni.

"Abba, kayan da ke corridor..."

"Zauna," in ji Dokta. "Abdussalam, nuna mata."

Abdussalam ya miƙo waya da hannu biyu.

Hoton bidiyo ne. Ya fara da garejin Taufiq na Withington, wanda Zinatu ta sani sarai: ga jar motarsa MG ɗin nan mai kujera biyu da ta girmi mai ita, ga koriyar Triumph da kullum cikinta a buɗe yake ana mata aiki. Har ta fara sakin rai. Sai mai ɗaukar hoton ya bi wata ƙofa ta baya, ya shiga lambu, ya nufi wani ɗakin katako da aka rataya wa allo a goshi, an rubuta TERMINUS.

Ciki kanta ce doguwa tana sheƙi. Ga dogayen kujeru, ga kofuna jere, ga famfon giya guda biyu masu hannun tagulla. Wasu tsofaffi, Turawa da baƙaƙe, sun riƙe kofuna suna ƙyaƙyata dariya, a tsakiyarsu wani dattijo a keken guragu. Can gefe kan tsani, yana gyara fitila yana taya su dariya, Taufiq ne. Taufiq ɗinta.

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannunta.

"Na tura a yi mini bincike kamar yadda kowane uba yake yi," Dokta ya ce cikin fushi. "Na zaci za a dawo a ce mini yaron yana ɓata weekend ɗinsa a ƙarƙashin tsofaffin motoci. Wannan tuni na haɗiye shi. Injiniya guda, ya rasa abin hawa sai motar da ko uwarki ba ta da wurin zama a ciki. Na ce ba komai, kowa da haukarsa. Amma pub, Zinatu? Mutane suna ɓuya su je mashaya, shi ya gina tasa a gida, har da suna!"

"Abba, wallahi Taufiq ba ya sha."

"Na ce miki yana sha? Cewa na yi ya gina. Da hannunsa. Ko ba haka ya gaya maka ba, Abdussalam?"

"Haka ya ce, Abba. Har yana nuna mini inda ya samo katakon."

Zinatu ta juya kansa gaba ɗaya.

"Duk faɗin Manchester an rasa wanda za a tura bincike sai wanda na ce ba na so?"

"Aiki ne ya kai ni can, Abba ya ba ni amana," ya ce a hankali. "Allah ya sani ban ji daɗin abin da na gani ba."

"Ka ce masa kai waye?"

"Na ce ina sha'awar classic cars."

"Kai? Kai da ko tayar motarka ba ka iya canzawa? An ba ka abinci a gidan?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake, an ba ka?"

"An ba ni."

"Ka ci. Hannu ɗaya cokali, hannu ɗaya camera. Allah ya isa tsakanina da kai, Abdussalam!"

"Ke!" Dokta ya daka mata tsawa. "Wanda ya gani ne mai laifi, ko wanda ya gina?"

Hajiya Zubaida ta fashe da kuka. "Ni kunyar ce ta kashe ni. Tun azahar wayata ba ta huta ba. Video ɗin nan ya shiga group ɗin mata, har daga Balsall Heath ake kirana ana mini jaje kamar an yi mutuwa. Wata cewa ta yi wai ashe surukin namu landlord ne, mai gidan giya."

"Ummata kaɗai na tura wa," Abdussalam ya yi saurin cewa, "don neman shawara."

Ummarsa kuwa duk Birmingham an san ba a taɓa jin sirri ya kwana a wayarta ba.

Dokta ya mayar da gilashinsa. Fushin ya ɗan sauka, abin da ya rage ya fi fushin nauyi.

"Ki saurare ni, Zinatu. Ke ba yarinya ba ce, pharmacist ce ke, kina da hankalinki. Ban taɓa cewa sai kin auri wane ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma ba zan ɗaura miki aure in kai ki gidan da ake zuba giya ba. Jikokina ba za su koyi rarrafe a gindin kantar mashaya ba. Na ba shi zuwa Lahadi. Ya rushe ɗakin nan, rushewa nake nufi, in ga fili. In ya yi, kayan nan su koma ciki, a sa rana. In bai yi ba, a mayar masa da goronsa."

"Abba, ka bari in ji ta bakinsa..."

"Na gama magana."

*

Jirgin ƙasa na safe ta bi zuwa Manchester ranar Asabar ba tare da ta gaya wa kowa ba. Taufiq ya yi ta kira tun jiya, tana kallon sunansa a waya har ya katse. Ba mahaifinta take jin haushi ba, ba ma Abdussalam ba. Sau nawa ta je gidan nan tare da ƙawarta, ta zauna a falo, ta hango ɗakin katakon ta taga ta tambaya? Kullum amsa ɗaya: "Shed ɗin Baba ne." Ita kuma ta ɗauka tarkacen lambu ne a ciki.

Ta same shi inda ta san za ta same shi. Ƙafafunsa kawai ake gani sun leƙo daga ƙarƙashin jar MG.

"Fito."

Ya sulalo da sauri, sifana a hannu, baƙin mai har goshi. Murmushin da ya taso masa ya mutu a hanya.

"Zee, tun jiya nake..."

"Kar ka ce mini Zee. Shed ɗin Baba, ko? Shed mai famfo biyu?"

Ya ajiye sifanar a hankali. "Mutumin nan da ya zo last Saturday."

"Sunansa Abdussalam, kuma Abba ne ya turo shi. Goronka yana bakin ƙofarmu a ɗaure, Taufiq. Mami ta kwana tana kuka. Jiya na rantse a gaban mahaifina cewa ba ka sha, ina rantsuwar ina tambayar kaina, me kuma ban sani ba?"

"Ba na sha. Ban taɓa ɗanɗanawa ba."

"To me ya sa ka ɓoye mini?"

"Saboda ranar nan nake tsoro."

"Ga ta ta zo ai! Da ka gaya mini da bakinka, da na san yadda zan tari Abba. Sai ka bari na gani a wayar wanda na ƙi, yana zaune a kafet ɗinmu yana sunkuyar da kai. Ka san yadda na ji? Ka mayar da ni wawuya a gidan ubana!"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta share da bayan hannu da ƙarfi, don ba ta zo nan ta yi kuka ba.

"Abba ya ce ka rushe shi zuwa gobe. In ba haka ba, babu aure."

Taufiq ya jingina da motar.

"Kin san Baba Nehemiah ba shi ya haife ni ba," ya ce.

"Na sani. Mijin mahaifiyarka ne. Ba tarihi na zo ji ba."

"Za ki ji, tunda shi ake so in rushe. Ina ƙarami mahaifina ya rasu. Da Mum ta auri Baba, makanike ɗan Jos mai zuwa coci, dangin mahaifina cewa suka yi shi ke nan, yaro ya ɓata. Baba ya ce musu yaron nan a addinin ubansa zai tashi, ko da shi kaɗai ya rage a Manchester. Motar nan da kike gani tasa ce. Duk Asabar a cikinta yake kai ni Islamiyya. Ba ya shiga, ba ya tafiya. Yana zaune a waje cikin sanyi, rufin yana yoyo a kansa, har a tashe mu. Da azumi shi yake tashina sahur, ya soya mini ƙwai, ya koma ya kwanta. Hausar nan da nake miki a bakinsa na koya. Ko naman alade bai taɓa shigo da shi gidanmu ba, saboda ni."

Zinatu ta kawar da kai. Ba ta so maganar ta shige ta.

"Abu ɗaya ya riƙe wa kansa," Taufiq ya ci gaba. "Asabar da yamma ya je local ɗinsa, pub ɗin unguwarsu, ya zauna da abokan aikinsa na gareji. Sai Mum ta rasu. Sai stroke ya kama shi. Kafin ya fito daga asibiti an rufe pub ɗin, an mayar da shi flats. Na dawo da shi nan, ya juya fuska bango, ya daina magana, ya daina cin abinci. Likitansa ya canza magani ya gaji. Ina kallonsa yana tafiya, Zinatu. Shi ne na sayo katako. Ranar da abokansa suka fara zuwa, ranar na sake jin dariyarsa."

"Da giya."

"Su suke zuwa da abinsu. Ba na saya, ba na zubawa. Shi ko rabin kofi ba ya iya shanyewa. Mutanen yake so."

"Kuma kana ganin daidai ne?"

"Ban ce daidai ba ne. Na tambayi malami, ya ce mini kuskure ne, ban yi masa musu ba. Kullum ina neman gafara a kai. Amma ban san yadda zan kalli mutumin da ya jira ni a ƙofar Islamiyya in ce masa farin cikinsa ya ƙare don zan yi aure ba."

"Ni fa?" ta ce, muryarta ta tashi. "Ni ba mutum ba ce? Na ƙi kowa saboda kai. Na tsaya a gaban Abba na kare motocinka, na kare danginka, na kare komai. Yanzu gobe in koma in ce masa ɗakin katako ya fi ni?"

"Ki ce in sayar da motocin. Wallahi yau zan sa su online, har MG ɗin."

"Ba mota aka tambaye ka ba!"

"To a cire famfon, in roƙi abokansa..."

"Fili Abba ya ce yana son gani. Ka san shi, ba ya magana biyu." Ta matso har tana jin warin man da ke rigarsa. "Ka kalle ni, Taufiq. Ko ni, ko mashayar nan. Ka faɗa da bakinka."

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ina sonki, Allah ya sani. Amma ba zan iya ba."

Ta buɗe jaka tana lalube, ta zaro makullin MG ɗin da ya ba ta ranar da ya ce zai turo, wai a cikinta za su bar wurin biki. Ta wurga masa. Makullin ya daki ƙirjinsa ya faɗi cikin tiren baƙin mai.

"Ka ba kantar ta riƙe maka. Ita za ka aura."

Ta juya za ta fita ke nan suka ji ƙara daga lambu.

Kwam!

Sai ƙarar fashewar gilashi. Sai kuma kwam!

Sai a lokacin suka lura ƙofar baya ta garejin a buɗe take tun ɗazu, kuma tagar ɗakin Baba tana kallonta. Taufiq ya kwasa da gudu, Zinatu ta bi shi ba tare da ta yi shawara da zuciyarta ba.

Baba Nehemiah yana gaban kantar a kekensa. Hannun damansa da ya shanye yana kwance a cinya, na hagu riƙe da guduma. Ya riga ya karya hannun famfo ɗaya, kofuna sun tarwatse a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga, yana haki.

"Baba! Me kake yi haka?"

"Kar ka taɓa ni." Maganar tana fita da ƙyar, ta gefe ɗaya na bakinsa. "Na ji komai. Yaron banza. Ka bar mace irin wannan... saboda katako?"

"Baba, don Allah ka ba ni gudumar."

"Ban sha sanyi a ƙofar makarantarku ba... don in zo in tare maka ƙofar aure da kofi." Ya ɗaga gudumar ya sake sauke ta. Ƙarfin bai kai ba, ta ɗan ɓantari gefen kantar kawai. Ya juyo ga Zinatu. "'Yata, sannu da zuwa. Ki gaya wa likita an rushe. Yana da gaskiya. Da ni na haife ki, abin da zan ce ke nan."

Zinatu ta ɗaga kai. Sai yanzu ta ga ɗakin da idonta, ba ta wayar Abdussalam ba. An rage tsayin kantar a gefe ɗaya daidai keken. A bango ga hoton wata mata tana dariya, an rubuta Catherine a ƙasa, sunan mahaifiyar Taufiq. Kusa da shi ga wani tsohon hoto: jar MG, da yaro cikin farar jallabiya da hula ya rungume jakar Islamiyya, wani ƙaƙƙarfan mutum ya dafa kansa. Wannan bangon bai fito a bidiyon ba.

"Yau Asabar," in ji Baba, kamar da kansa yake magana. "Ka kira su, Taufiq. Ka ce kar su zo. Ka ce musu... na gode."

Nan muryarsa ta karye. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, bai ma san ya zubo ba. Ya tattara ƙarfinsa ya sake ɗaga gudumar sama, wannan karon famfo na biyu ya nufa.

Ba ta san lokacin da ta taka fasassun kofunan ba. Ta dai ga hannayenta biyu sun riƙe gudumar a sama.

"Sake mini, 'yata."

"A'a, Baba."

"Abin da kika zo nema ke nan. Sake."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ga shi ana ba ta aurenta a hannu, ba sai ta roƙi kowa ba. Ta ja gudumar a hankali, yatsunsa suka saki don ba su da ƙarfin riƙewa. Haushin kowa take ji a lokacin: Taufiq da ya ɓoye, Abdussalam da ya zaɓi abin da zai ɗauka, Abba da yake da gaskiya, da wannan tsohon da ya ƙi ya zama mugu ta samu wanda za ta tsana.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta duba. Abba.

Taufiq ya girgiza mata kai alamar kar ta ɗauka. Ta ɗauka.

"Kina ina? Uwarki ta ce tun safe ba ki gida."

"Ina Manchester, Abba."

Tana jin muryar Abdussalam can nesa yana gaida Mami. Ashe har ya yi sammakon zuwa.

"Ban aike ki ba," Dokta ya ce, "amma tunda kin je, sai ki gaya mini. Ya yarda zai rushe?"

Baba Nehemiah yana gyaɗa mata kai da ƙarfi, ya miƙo hannunsa na hagu a ba shi gudumar. Taufiq ya durƙusa a gefen keken ya kifa kai a kan hannun da ya shanye.

"An ma fara rushewa, Abba."

"Alhamdulillahi!" Ta ji ajiyar zuciyarsa har cikin kunnenta. "To madalla. Ashe yaron yana da..."

"Ni na hana."

"Me kika ce?"

Ta ƙanƙame gudumar a ƙirjinta, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Na ce ni na hana, Abba. Gudumar tana hannuna."

Bai yi mata tsawa ba. Da ma tsawar ya yi. Ta ji ya janye wayar daga bakinsa, ya yi magana da muryar da yake sallamar marar lafiyan da ba abin da za a iya yi masa.

"Abdussalam, kawo motarka bakin ƙofa. Ɗauki kwandon goron nan, a mayar musu."